Tsutsar ƙasan tekun Norwe da ta hana wani ɗalibin Garwa barci, da yadda aka gano sunanta

Asalin lamarin

Yaron ɗan ƙanwata ne, ba zan faɗi sunansa ba, amma ya yarda in rubuta abin da ya faru ko zai amfani ɗaliban da ke tasowa. A Garwa ta ƙasar Kamaru aka haife shi, mahaifinsa dillalin kifi ne, yana sarowa daga madatsar ruwan Lagdo ɗanye da banda yana kawowa kasuwa, to shi yaron tun yana firamare hannunsa ya saba da wuƙa da cikin kifi. Ya yi bak ɗinsa, wato jarrabawar kammala sakandare, a nan, ya tafi Ngaundere ya yi lisans, wato digirin farko, a ilimin halittu, daga nan Allah ya ba shi burs, wato tallafin karatu, na mastar a wata ƙasa ta arewacin Turai, a wani labo da ke aiki kan halittun ƙasan teku. Ni malamin kimiyyar halittu ne a lise, wato babbar sakandare, shi ya sa duk abin da ya sha masa kai ni yake turo wa a WhatsApp, wani lokaci murya wani lokaci hoto, kuma daga waɗannan saƙonnin da memwar ɗin, wato kundin bincikensa, da ya kawo min na haɗa wannan rubutu.

Tambayar da aka ɗora masa ita ce: a ƙasan teku inda haske ba ya kaiwa, abinci daga sama yake faɗowa ya kwanta kan laka, to wace halitta ce take jan shi zuwa cikin lakar? Lakar da zai yi aiki a kanta daga tudun Vøring aka ɗebo ta, wani shimfiɗaɗɗen tudu ne a ƙarƙashin tekun Norwe, zurfinsa wajen mita 1,200 zuwa 1,400. Ruwan ƙasan wurin sanyinsa ya sauka ƙasa da sifili kaɗan, kuma ba ya ƙanƙara saboda ruwan gishiri sai ya kai kusan digiri 1.9 ƙasa da sifili tukunna yake daskarewa. Nauyin ruwan da ke danne komai a mita 1,400 ya ninka na iskar da muke ciki sau 140 ko kusa da haka.

Satumba: abin da ya tarar a cikin kwalabe

Ba shi ya je teku ba. Wani jirgin bincike ne ya ɗebo lakar shekaru kafin zuwansa, da wani akwatin ƙarfe da ake saukarwa da igiyar waya ya nutse cikin laka ya yanko ta, aka haɗo ta sama aka yanka ta hawa-hawa: santimita 2 na sama, sai 2 zuwa 5, sai 5 zuwa 10, sai abin da ya yi ƙasa da haka. Kowane hawa aka tace shi da rariya mai ido rabin milimita, aka zuba abin da ya rage a kwalba. Wani ɗalibi da ya riga shi ya yi tsintar farko ya ware tsutsotsin gefe, ya rubuta a jikin mafi yawan kwalaben *Golfingia minuta*, wasu kuma ya sa su cikin nematoda, wani rukuni daban na siraran tsutsotsi masu kama da zare.

Tsutsotsin nan sipunkula ake ce musu. Duk duniya nau'insu bai kai 200 ba, kuma dukkansu na ruwan gishiri ne, ba za ka same su a Binuwai ko tafkin Cadi ba. Jikinsu ba shi da gaɓa-gaɓa irin na tana, kashi biyu ne kawai, gangar jiki da wani dogon wuya mai baki a ƙarshensa, kuma wuyan nan tsutsar tana iya mayar da shi ciki gaba ɗaya kamar yadda hannun riga yake juyewa ciki in ka tuɓe ta da sauri. Masu ƙiba a cikinsu in sun janye wuya sun dunƙule sai su yi siffar ƙwayar gyaɗa, daga nan Turawa suka sa musu sunan tsutsar gyaɗa. Da can a matsayin rukuni mai zaman kansa ake lissafa su, amma binciken ƙwayoyin gado ya mayar da su cikin dangin su tana. Duburarsu ma ba a bayan jiki take ba, hanjin sai ya gangara ya murɗe ya dawo sama ya buɗe kusa da gindin wuya, abin da ya dace da halittar da ke zaune cikin rami mai ƙofa ɗaya.

Nasa na kwalba dai babu mai kama da gyaɗa. Sirara ne, faɗin mafi yawansu bai kai milimita ɗaya ba, farare ko ruwan toka, kusan duka sun janye wuya lokacin da ruwan magani ya taɓa su, da yawa kuma sun tsintsinke.

Oktoba zuwa Nuwamba: duba ta waje

Abin da kowa zai fara yi shi ya yi, ya ɗauki littafin Edward Cutler na 1994, wanda har yanzu shine madogara a wannan fanni, ya zauna gaban mikroskop yana kwatanta siffa. Wasu sun fita da sauƙi. Waɗanda ya zaro daga cikin ɓawon ƙananan dodon koɗi 'yan gidan *Phascolion* ne, dama haka suke zama. Wasu 'yan dunƙulallu masu wuya dogo ƙwarai 'yan gidan *Onchnesoma* ne. Cikin sati kaɗan ya gama da waɗannan, har ya turo min murya yana cewa Kawu aikin nan kafin ƙarshen shekara na gama shi.

Sauran su ne suka tsaya, kuma su ne suka fi yawa. Ya gwada raba su da launi, sai ya ga launin ya danganta da kwalba, waɗanda aka rina da jan rini dan a gan su cikin laka daban, waɗanda ba a rina ba daban. Ya gwada da tsawo, sai ya lura tsutsa ɗaya in ta mutu a miƙe da in ta mutu a takure tsawonta ya sha bamban sosai. Ya gwada da fata, mai santsi da mai tamoji, wannan ma takurewa tana kawo tamoji. Ya raba su kashi-kashi, bayan 'yan kwanaki ya sake rabawa ba tare da ya duba na farko ba, rabon biyu bai zo ɗaya ba.

A nan ne kuma ya gano matsalar sunan da ke jikin kwalaben. *Golfingia minuta* tsohon suna ne, tun shekarun 1980 aka fitar da waɗannan ƙananan daga gidan *Golfingia* aka ba su nasu gidan, *Nephasoma*, kuma a gyaran da Edward Cutler da Norma Cutler suka yi a 1986 sunan *minutum* an taƙaita shi ga wata tsutsa ta ruwa marar zurfi a gaɓar arewa maso gabashin Atlantika, wadda mata-maza ce. Kafin nan kusan duk wata ƙaramar tsutsa ta wannan iri da aka haƙo ko daga ina wannan sunan ake liƙa mata. Kaga kenan in ya bar sunan yadda yake, memwar ɗinsa zai ce halittar bakin gaɓa ce take aiki a mita 1,400 cikin ruwan da ya sauka ƙasa da sifili.

Disamba: gwajin DNA

Abokan karatunsa suka ce masa ya daina wahalar da idonsa, ya ciri ɗan yanki ya kai a karanta DNA, wato ƙwayoyin gadonsu, akwai wani guntun gado da ake kira COI mai harafi wajen 650 da ake amfani da shi wajen tantance dabbobi. Malamin da ke duba aikinsa yana tafiya lokacin, ya amince ta imel. Ya kwashe kusan watan gaba ɗaya a kai, ga duhun hunturu na can da rana take leƙowa 'yan awoyi ta koma, ga kayan aiki masu tsada suna ƙarewa. Mafi yawan gwaje-gwajen babu abin da ya fito. 'Yan kaɗan da suka ba da wani abu, da aka karanta sai aka ga na ƙwayoyin bakteriya ne.

Dalilin yana cikin tsohon littafin jirgi da bai buɗe ba sai daga baya. Kwalaben alkol ne a cikinsu, kashi 70 cikin 100, shi ya sa ya ɗauka a alkol aka ajiye su tun farko, alhali a jirgi cikin formol na kashi 4, wani ruwan maganin hana nama ruɓewa, aka fara zuba su, suka daɗe a ciki kafin a sauya musu ruwa. Formol yana riƙe siffar nama da kyau amma yana ɗaure DNA da furotin yana kakkarya shi, dogon guntu irin na COI da wuya ya tsira.

Janairu: hotuna

Ya ɗauki hotuna masu kyau ya tura wa wata ƙwararriya a wani gidan adana halittu. Amsarta gajera ce. Tace daga hoton waje ba za ta iya wuce cewa mai yiwuwa *Nephasoma* ne ba, kuma duk wanda ya ba shi cikakken suna daga irin wannan hoto kar ya karɓa. Tace ya feɗe su, ta lissafa masa abin da zai duba bi da bi, ta kuma nuna masa aikin Mark Shields da Monika Kędra na 2009 kan tsutsar da ke haƙa rami mai zurfi a tekunan arewa, da jagorar da su biyun suka fitar a 2011 kan nau'ikan *Nephasoma* na zurfin gabashin Atlantika ta arewa.

Daren nan ya kira ni, muryarsa ba daɗi. Yace Kawu abin da bai kai milimita ɗaya ba ta ina zan feɗe shi. Nace masa ɗana, je ka gwada a kan manyan tukunna, ka bar ƙananan sai hannu ya faɗa.

Fabrairu zuwa Afrilu: fiɗa

Nan ne aikin ya juya, kuma nan zan daɗe dan shine abin da ɗalibi zai iya ɗauka.

Ya narka kakin kyandir a ƙasan wani ɗan faranti, ya zuba alkol a kai dan kar tsutsar ta bushe, ya samo siraran alluran da masu tara ƙwari ke amfani da su, ya karya reza ya ɗaure tsinin a jikin tsinke. Sai ya kafe tsutsa da allura a kai da gindi, ya nemo tabon dubura dan ya san ina ne baya, ya tsaga fatar a tsaye ta gefen duburar kaɗan, a hankali yadda tsinin ba zai taɓa hanji ba, sannan ya buɗe fatar hagu da dama ya kafe. Na farkon duk sun lalace, hanji ya fashe laka ta cika wurin. Yace min abin da ya gyara masa hannu shine ya daina danna reza, ya koma ɗaga fatar da allura yana yanka ta sama, yadda ake yi wa cikin kifi in ba a so maɗaci ya fashe.

Hoton farko mai kyau da ya turo min har yanzu yana wayata. Hanji a murɗe tufka biyu cike da laka mai ruwan toka, sai wasu farare guda biyu masu sheƙi da suka taso daga bangon ciki suka haɗe suka nufi wuya. Waɗannan su ne tsokokin da ke janye wuya, kuma ƙirga su shine mataki na farko: huɗu 'yar gidan *Golfingia* ce, biyu kuma ana maganar *Nephasoma* ko *Thysanocardia*, ita ta biyun kuwa tana da geza mai yawa a baki da wasu 'yan tsiro a jikin jijiyar da ke bin maƙogwaro, nasa ba su da ko ɗaya. Mataki na biyu jakunkunan da ke yi musu aikin ƙoda, nasa biyu ne, *Phascolion* da *Onchnesoma* ɗaya gare su. Duk wadda ya buɗe cikin sirarran nan tsoka biyu jaka biyu. Gida ya tabbata kenan, *Nephasoma*, kuma da yawa daga waɗanda aka jefa cikin nematoda ma da ya buɗe su nan suka dawo.

Nau'i shine ya fi wuya, dan a wannan ruwa akwai 'yan uwa da ke kama da juna ƙwarai, *diaphanes* da *lilljeborgi* da *abyssorum*, ga kuma *capilleforme* siririya da wata masaniya mai suna Murina ta bayyana a 1973. Abin da ake dubawa yana jikin wuyan da ya koma ciki: akwai ƙugiyoyi ko babu, in akwai yaya girmansu da jerinsu, bakin yana da geza sosai ko 'yan tudu ne kawai. Sai ya riƙa yanko wuyan daga ciki, ya sa a ɗigon gilisarin kan gilashi ya bar shi ya kwana har naman ya yi garau, sannan ya duba da babban mikroskop. Ga kowace tsutsa yana rubuta tsawon ganga da faɗinta, inda tsokokin suka kafu, inda ƙofar jakunkunan take in an gwada da dubura, da yanayin ƙurajen fata a ƙarshen jiki. Ƙananan da ba sa feɗuwa gaba ɗayansu yake tsomawa a gilisarin ya leƙa cikinsu ta fata. A rana 'yan kaɗan yake gamawa.

Wani abu da ya rufe maganar tsohon suna: cikin waɗanda suka balaga, ruwan cikinsu ko dai ƙwai ne kaɗai ko maniyyi kaɗai, bai samu mai haɗe da biyun ba. Wannan ba halin *minutum* ba ne.

Zuwa ƙarshen Afrilu rabon ya tsaya kashi uku. Gajeru masu fata garai-garai da yawanci ya zaro daga cikin bututun foraminifera, wato wasu halittu masu ƙwaya ɗaya da ke gina gida da yashi, sun dace da *Nephasoma diaphanes*. Dogaye sirara da ke zaune cikin laka tsirara sun dace da *Nephasoma lilljeborgi*. Kashi na uku gutsattsari ne da 'yan ƙanana da babu abin da za a kama a jikinsu, ya bar su a *Nephasoma* sp., ma'ana gida an sani nau'i ba a yanke ba. Ya aika wa ƙwararriyar nan wasu daga kashi biyun farko ta duba da kanta, ta amince da mafi yawa, ta mayar da wasu kashi na uku.

Ita *lilljeborgi* ba baƙuwa ba ce a wannan teku. Wasu masana biyu 'yan Norwe, Danielssen da Koren, ne suka bayyana ta a 1880 daga abin da ayarin binciken Norwe na 1876 zuwa 1878 ya haƙo, kuma jirgin wannan ayari, Vøringen, shi tudun ya ci sunansa. Shi Danielssen ɗin ma likitan kuturta ne a Bergen, aikin halittun teku ƙari ne a kan aikinsa na asibiti.

Mayu: da aka mayar da sunaye cikin laka

Da ya jera sunayen bisa hawan da kowace kwalba ta fito, sai tsari ya bayyana wanda tsohon lissafi ya rufe. *Diaphanes* da masu zama cikin ɓawo a santimita 2 na sama suke. *Lilljeborgi* kuwa tana sama, tana tsakiya, tana kuma hawan da ya wuce santimita 10 inda kusan babu wata dabba.

Wannan ya yi daidai da abin da masu bincike na Kiel a Jamus suka gani a tudun nan. Aikin Romero-Wetzel na 1987 ya nuna ramuka sirara, faɗinsu milimita 0.2 zuwa 0.5, suna gangarawa har santimita 50 cikin laka, kuma sipunkula ne a ciki, aikin ya kuma danganta su da wata alama da masu ilimin duwatsu suka daɗe suna gani a tsohuwar laka suna kiranta *Trichichnus*. A 1989 Gerhard Graf ya ba da rahoton cewa a mita 1,430 a kan tudun, bayan wani zubin abinci ya sauko daga sama, kashin ƙananan ƙwarin ruwa da suka ci tsirran saman teku, cikin 'yan kwanaki an samu kulorofil, wato sinadarin da ke ba tsiro launin kore, har santimita 9 a cikin laka. Kulorofil ba ya daɗewa, in ka gan shi a zurfi to kwanan nan wani ya kai shi. Tsutsar tana miƙo wuya ta bakin rami ta tattara abin da ya kwanta ta ja shi ƙasa, abincin da ya kamata ya ruɓe a sama sai ya koma inda wasu ba sa kaiwa, kuma ta ramukan nan ruwa da abin da ya narke a ciki suna samun hanyar shiga da fita. Shields da Kędra ne a 2009 suka ɗora wa mai wannan aiki sunan *lilljeborgi*.

Gyara biyu ya ƙara a lissafi. Na farko, da ana ƙirga kowane guntu a matsayin tsutsa guda, shi ya koma ƙirga mai ɗauke da dubura da gindin wuya kaɗai. Na biyu, ya samo a sito wasu kwalabe na abin da ya zube ta rariyar rabin milimita aka tare da ta milimita 0.25, ba wanda ya taɓa buɗe su, kuma akwai sirarran nan a ciki da dama, dan tsutsa mai wannan faɗi in ta zo a tsaye wucewa take ta idon rariya.

Yuni: sutnans, wato kare aiki gaban alƙalai

Ya kare aikin ya ci. Ɗaya daga cikin alƙalan ya matsa masa kan ko ya tabbatar da cewa tsutsar ce ke kai abinci ƙasa, yace a'a, ba a auna kulorofil a lakarsa ba, abin da ya nuna shine wace ce ke zaune a wane hawa, maganar jan abinci kuwa kan aikin Graf ya dogara. Ya rufe memwar da shawara ga fita ta gaba: a kwantar da tsutsotsin da ruwan magneziyom kulorayid mai sanyi su saki wuya kafin a kashe su, a ware wani kaso kai tsaye cikin alkol na kashi 96 saboda DNA, a kuma tace da rariyar milimita 0.25 a hankali.

Abin da nake gani

Duba ta waje ya faɗi ne saboda abubuwan da ya dogara a kansu, launi da tsawo da tamoji, duk yadda tsutsar ta mutu ne yake canza su, tsoka da jaka kuwa ba sa canza adadi. Watan DNA asara ce da za a iya kauce mata da tambaya ɗaya tun Satumba, wane ruwa ne ya fara taɓa waɗannan tsutsotsi, kuma a ganina wannan nauyin ba na ɗalibi kaɗai ba ne, wanda ya miƙa masa kwalabe ya kamata ya miƙa masa littafin jirgi tare. Ɗalibin da ya rubuta tsohon suna ban ga laifinsa sosai ba, abin da ya samu a tsofaffin takardu ya bi.

Barin kashi na uku ba suna shine abin da na fi yaba masa, dan da ya raba su bisa zato da jadawalinsa ya fi kyan gani, amma da ya maimaita abin da ya ɓata lissafin farko. Inda muka saba da shi wuri ɗaya ne. Akwai wasu dogaye daga hawan ƙasa da wuyansu ya ɓace, ya sa su kusa da *lilljeborgi* da alamar shakka saboda siffarsu da zurfin da suka fito. Ni nace masa tunda zurfin shine abin da yake son ya nuna, bai kamata zurfin ya taya shi ba da suna ba, ya kamata su koma kashi na uku. Yace ya sake lissafin ba tare da su ba kuma tsarin bai canza ba, na duba jadawalin na ga haka ne, amma har yanzu ina ganin wancan lissafin na biyu shi ya kamata ya sa a cikin memwar, ba a shafukan ƙarshe ba.